Minti Goma a Ƙofar Ɗakin Jarirai

Hannu ɗaya a kan cikina, ɗaya a jikin bango, da ƙyar na isa ƙofar ɗakin jarirai, sai na tarar an rufe. Sha biyun rana ta wuce da minti goma kacal.

Kwana biyu ke nan da aka yi min aiki aka ciro 'yata. Ita an kwantar da ita a saman bene saboda shawara, mu masu jego muna ƙasa. Dokar asibitin, duk bayan awa uku uwa ta hau ta ba da nono. Matakala ashirin da biyu, da ɗanyen ɗinki!

Ina jiyo kukanta, gaban rigata ya jiƙe sharkaf. Na ƙwanƙwasa, nas ta leƙo.

"Sista, don Allah bar ni in shiga, kin ga nono sai zuba yake."

"Maman Bebi, kin makara. An riga an haɗa mata madarar gwangwani. Ki dawo ƙarfe uku."

"Wa ya ce a ba ta madara ina raye?"

"Haka na tarar da dokar. In na buɗe miki, ni za a yi wa faɗa."

Ta mayar da ƙofa. Kun san abin da ke manne a jikin ƙofar nan? Ƙatuwar takarda da hoton uwa tana murmushi, wai nonon uwa zalla har wata shida.

A kan matakala na zauna har ƙarfe uku, don wallahi in na sauka ba zan iya sake hawa ba. Kunun kanwar da yayata ta kawo min tun daga Tirwun, a ƙasa ya huce.

Iyaye mata, ku faɗa min tsakani da Allah: a cikinku jaririn wa ya taɓa duba agogo kafin ya ji yunwa?