Keken Inna Ba Ya Shan Man Gujiya

Da Inna ta rasu a Dumega, abu ɗaya na roƙa cikin kayanta: baƙin kekenta na ɗinki, mai juyin hannu. Da ƙararsa muka girma, ni da yayana.

Ban samu ɗauko shi ba sai bayan damina. Ya zauna wurin Gwaggo, ƙanwar babanmu mai ƙuli-ƙuli, wadda a wurinta duk abin da ya yi kuka man gujiya ne maganinsa, ƙofa ce ko amalanke. Saboda ƙauna, sai ta riƙa ɗibar na matsar farko tana ɗura wa keken. Da ya iso gidanmu a Dogon Dutsi, wallahi ko motsi ba ya yi. Man ya daskare kamar danƙo, sai warin tsohuwar suya.

Yayana ya kama hannun keken ya jijjiga.

"Wanga ya mutu, ƙanwata. Ran kasuwa mai sayen tsohon ƙarfe zai zo. Ni in sayo miki na lantarki."

"Lantarkin da ke leƙo mu kamar baƙo? Yaya, ba inda keken nan za shi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. A ɗora Inna bisa sikeli tare da fasassun tukwane?

Nan fa kowa ya zama likita. Mai gyaran moto ya ce man inji. Maƙwabciyata ta ce man kaɗe. Na ce Allah ya sawwaƙe, ba kaushin ƙafa gare shi ba! Na jiƙa cikinsa da kananzir, na bi kowane lungu da gashin kaza har yatsuna suka tsage. Sannan na bi butikocin kasuwa, shago bayan shago, har na samo irin wanda Inna take sa masa, farin man keke, tsararo kamar ruwa. Kowane rami ɗigo, ba ɗuri ba.

Ran kasuwa amalanken mai ƙarfe ya tsaya ƙofar gida. Ina jin su da Yaya a zaure. Na jawo tabarma tsakar gida, na ɗora keken, na sa masa ƙyalle, na yi bisimilla na murza. Ya ƙi, ya ƙi, sai ya saki. Tar-tar-tar, muryarsa ta dā sak.

Can na ji Yaya daga zaure yana cewa, "Malam, yi haƙuri, tai abinka. Babu ƙarfe gidanga."

Ban ɗago kai ba. Na ci gaba da ɗinkina.