Safar Hannun Ɗan Sanda

Shekarar da ambaliya ta ci Jidda, na daɗe a garin ba iƙama, wato takardar izinin zama. Ko motar 'yan sanda na hango daga nesa, sai na faɗa lungu.

Da ruwa ya janye, mu matan unguwar Kurayyat muka tattare abaya muka nufi unguwannin da laka ta cike. Ba wanda ya aike mu. Muka yi ta kwashe taɓo daga ɗakunan mutanen da ba mu sani ba.

Rana ta uku, wani ɗan sanda ya ƙwala mini kira: "Ya hajja!" Na yar da bokiti na zura da gudu, santsi ya kwashe ni. Ya iso yana haki, ya miƙo mini safar hannu. Ashe yatsuna ya gani suna jini. Haushi ya hana ni godiya.

Sati biyu muna cin gurasa da 'yan sanda a bakin titi, ba wanda ya tambayi takarda. Allah ya yafe mini, har yau ina kewar lakar nan. Ranar da titi ya bushe, na koma lunguna.