Mai Rufe Baya a Gindin Goruba

Ban taɓa mantawa da ranar da aka fara barina in sauka cikin ƙaton ramin dutsen nan ba. Ku sababbi kun same ni da gora da jakar magani, kuna zaton haka aka haife ni. To, direba ne ni a da. Ina ɗebo baƙi daga Jidda, mu wuce Ɗa'if, mu ratsa harra, wato filin baƙin dutsen da wuta ta amayar tun zamanin da. A bakin ramin kowa ya ɗaura takalmi ya gangara, ni kuwa a bar ni da mota da kulolin ruwa. Daga sama ina hango ƙasansa fari fat kamar an baza gari, raina yana biyawa.

Wata Juma'a cikin sanyi, mai rufe bayanmu ya kwanta zazzaɓi. Mudir, wato shugabanmu, ya dube ni ya ce, "Lawali, yalla, yau kai ne." Saura kaɗan in rungume shi!

Ga yadda aikin yake. Jagora yana gaba, mai rufe baya yana ƙarshe, kuma ba ya wuce kowa. In na ƙarshe ya tsaya, kai ma ka tsaya. Azahar tana yi, ko ina aka kai, a juyo.

Muka fara gangara, ina ta murna. Na ɗauki wani jan dutse mai huji-huji, ya kai kan yaro girma, amma sakayau. Na ga tumfafiya ta tsaga dutse ta fito. Wani damo ya ɗago kai ya harare mu, na ce masa ya gode Allah ba a Maraɗi muka haɗu ba, da tuni ya shiga tukunya.

Na ƙarshe a layin wani dattijo ne daga unguwar Mahjar ta Jidda, Alhaji Mamman. 'Yarsa Samira ce ta kawo shi, haihuwar Jidda, tana jin Hausa amma bakinta Larabci. A mota ta faɗa mini tun rasuwar mahaifiyarta tsohon ya daina hira. Da muka kai tsakiyar gangaren, inda ruwa ke tsattsafowa a jikin dutse, sai ga itatuwan goruba tsaye da 'ya'ya jajur. Alhaji ya nemi inuwa ya zauna.

"Abuya, yalla, saura shwayya," in ji Samira, wato saura kaɗan.

"Je ki. Ni na iso."

Ta dube ni, na ce ta tafi, ina nan. Amma wallahi ba haka na so ba. Ga farin fili can, har ina hango mutanenmu suna tsalle a kai, kuma na san gobe mai aikin zai warke in koma tsaron kuloli.

Tsohon ya lura. "Ɗana, idonka yana can. Tafi, ba mai sace ni."

"Baba, aikin ya hana."

"Wa zai sani?"

Shaiɗan ma ya maimaita mini tambayar. Na dai aje gora na zauna, ina jin haushi har wuya. Na ce, "Baba, ka sha wannan tafiya, ba za ka taka farin ba?"

Sai ya fashe da dariya. "Ni ɗan Manga ne! Daga haƙar kanwa na gudo tun ina saurayi, sai in biya mota a kawo ni in kalli 'yar'uwarta? Wannan na gani a hoton wayar yarinyar, shi ya kawo ni." Ya nuna gorubar.

Na tsinto masa waɗanda suka faɗo. Haƙori ya ƙi, sai ya sa na daddaka da dutse, yana tsotsa yana lumshe ido. Daga nan baki ya buɗe: garinsu, raƙuman babansa, yadda ya fara ba marigayiya goruba a kasuwa ta ce rowa ce. Saboda mun zauna tsit a gefe, wani yanyawa mai manyan kunnuwa ya zo shan ruwa dab da mu. Alhaji ya damƙe hannuna, muka riƙe numfashi kamar ɓarayi.

Da azahar ayari ya hauro. Samira ta tarar da ubanta yana ƙyaƙyata dariya, gemu duk garin goruba. Ta tsaya cak, hawaye suka zubo. Ya miƙa mata guda ya ce, "Ci, abin da na sayi uwarki da shi ke nan." Ta haɗa Hausarta da ƙyar ta ce mini, "Allah ya biya ka, yaya."

A sama mudir ya tambaye ni yadda na ga ƙasan. Na ce ban kai ba. Ya ce, "Halas, jakar ta zama taka."

Tun daga nan na taka farin filin nan har na gaji da kakkaɓe takalmi. Abin da aikin ya koya mini shi ne, ba kowane baƙo ne ya zo ganin abin da muke talla ba, kuma ba za ka san nasa ba sai ka zauna inda ya zauna. Don haka in na ƙarshenku ya tsaya, kada ku tsaya masa a ka kuna duba agogo. Ku aje gora.