Malam Zibrim da Kurmin Kaɗanya

Da hantsi, duk mai bin hanyar Salaga zuwa Yendi ya san babur ɗin Malam Zibrim, tsohon babur mai tari kamar mai shi. Aikinsa da wuyar bayani. Tauraron ɗan'adam yana ɗauko hoton ƙasa daga sama, ya nuna inda ya yi kore da inda ya bushe, amma bai iya faɗin ko gonar doya ce, ko ciyawa, ko kurmi. Sai ofishinsu ya tura Zibrim ya je ya gani da idonsa. Shekara da shekaru yana wannan yawo, har Bawku, kuma bai taɓa taka gonar mutum ba sai ya yi sallama ya nemi izini.

Akwai wani kurmin kaɗanya kusa da Yendi, inda Hajiya Awa da matan unguwarsu suke tsintar ƙwarar kaɗanyar da suke ciyar da gida da ita. A hotunan rani Zibrim ya ga korensa yana raguwa kowace shekara. Masu gawayi ne ke sare itatuwan. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, suna dariya: "Malam, wancan abu na sama zai ba mu abinci?" Bai yi fushi ba, don ya san su ma yunwa ce ta kawo su.

Bana idonsa ya mutu. Ya nace sai abokin aikinsa Faruq ya goya shi zuwa kurmin kafin ya ajiye aiki. Hajiya Awa ta tarye su, ta fara kame-kamen yadda za ta gaya masa an sare itatuwan.

"Kada ki wahalar da kanki, Hajiya," in ji shi. "Rana tana dukan kaina. A da, nan inuwa ce."

Faruq ya tambaya a hankali, "Baba, me za mu gaya wa ofis? Kurmi?"

Zibrim ya ce, "Ka ce fili." Wallahi na tausaya masa.

Malam, kai ne idon da ya sauko ƙasa ya gaishe mu. Mun gode, Allah ya ba ka lafiya. Mu kuma da idonmu ke buɗe, akwai sauran kaɗanya a hanyar Saboba. Mu tashi mu tsare su, tun Faruq bai zo ya ce fili ba.