Alkamar Lahadi: Ga Tsoho Gerhard Epp

Mai rai duka na Allah ne, kuma wurinSa ake komawa. Da hantsin Talata, 23 ga Satumba, Tsoho Gerhard Epp ya cika a gidansa na gona da ke kusa da garin Rosthern, yana da shekara saba'in da tara, matarsa Inna Justina tana riƙe da hannunsa. An binne shi ranar Asabar a bayan majami'arsu, cikin iska mai sanyi.

Tsoho, shekara bakwai na yi ina tuƙa maka injin girbi. Na zo maka ba ni da ilimin komai sai na allo, ka ce alkama ba ta tambayar takarda. Duk Juma'a kai ne kake fara duba agogo ka kore ni masallaci, ko da aiki ya kai wuya. Inna Justina ta ware mini tukunyata, naman alade bai taɓa shiga cikinta ba. Ni kuwa na saka muku da kwaɗo a cikin takalmi da yaji a cikin miya. Ranar yajin ka sha ruwa kofi uku, ka share hawaye, ka ce shaƙiyyi irina ko Annabi Ayuba sai ya kai masa duka. Ni ina ce maka Tsoho, kai kana ce mini Shaƙiyyi, sunana Zakari sai in ka yi fushi.

Na tarar da kai cikin wadata, rumbuna cike, injuna uku a fili. Duk da haka bencinka a majami'a na baya ne, kuma in Lahadi ta zo ko ƙusa ba a bugawa a gonarka. Sai abubuwa suka soma zuwa ɗaya bayan ɗaya. 'Yarka Marta ta rasu. Aka yi fari shekara biyu a jere, aka sayar da injuna biyu. Bara kuma ɓarin jikinka ya shanye, ranaku suka soma rikice maka. Ban ji muryarka ta sauya a wurin addu'ar abinci ba. Yadda kake godiya da rumbu cike, haka kake yi da shi wayam, har abin ya riƙa ba ni tsoro.

Akwai abin da mutanen majami'arku suka gani rabinsa, ni ne na san sauran, kuma ba zan bari a zarge ka da shi ba.

Tun da ciwon ya same ka, da kalandar ɗakin girki kake gane rana. Kowace rana da takardarta, da aya a jiki. Da safe ka karanta, da yamma a yage a ajiye a gwangwani. A ƙarshen Agusta alkamar bana ta nuna, irin wadda ba a gani ba tun kafin fari. Har ranar Asabar alkamar ba ta gama bushewa ba. Rediyo kuwa tana ta faɗin ƙanƙara na tafe ranar Lahadi da la'asar. Inna Justina tana gari wurin ƙanwarta mara lafiya, ɗanka Rudi kuma sai ƙarfe goma zai zo ya kai ka sujada.

Da safiyar Lahadin na fito na tarar ko raɓa babu, iska tana busowa da zafi, tsuntsaye sun yi tsit. Na shiga ɗakin girki, na ciro takardar Asabar daga gwangwani, na manna ta a kan ta Lahadi. A raina wasa ne kamar sauran, sai dai wannan zai ceci gona.

Ka sauko da sandarka, ka sa tabarau, ka karanta. Ka daɗe kana kallonta.

"Wannan ayar kamar jiya na karanta ta," ka ce.

"Haba Tsoho, wace aya ce ba ka karanta jiya ba? Sha shayinka, alkama na jira."

Ka yi dariya, ka yarda da ni. Na ɗora ka a kujerar gefe ta injin girbi, muka shiga gona. Awa biyu muna yanka kana rera waƙoƙinku a hankali, muka cika babbar mota guda. Can ta ɓangaren yamma sararin sama ya soma yin baƙi-baƙi, da wani kore a ƙasansa.

Sai ƙura ta tashi a hanya. Motoci suna wucewa, duka gefen majami'a suka nufa, kowace in ta zo daidai mu sai ta rage gudu. Ka daina waƙa. Ta ƙarshe ta tsaya, Rudi ya fito cikin baƙar kwat. Ka dubi kwat ɗin, ka dube ni.

"Zakari, kashe injin."

Na kashe, amma ban yi shiru ba. Na ce ka tafi sujadarka, ni Musulmi ne, Lahadi ba ruwana da ita, laifin ya hau kaina. Na nuna maka hadarin. Rudi yana tsaye a ƙasa, shi ma yamma yake kallo, kuma na san da ka ɗaga kai da ya cire kwat ya hau mota. Ka ce dokar hutun Lahadi ba ta tsaya a kanka ba, ta haɗa da ɗanka da dabbarka da baƙon da ke cin abinci a gidanka. Ka ce shekara hamsin kana hutawa ranar nan rana na haske, in ka karya ta yau don hadari, ashe can ma ba don Allah ka yi ba.

"Sauke ni, Shaƙiyyi, mun makara."

Ka shiga majami'a da ƙaiƙayi a kafaɗa, ka miƙe gaban jama'a ka ce ka yi aiki ranar Ubangiji, su yafe maka. Sunana bai fito daga bakinka ba.

Ƙanƙarar ta sauko bayan la'asar. Minti ashirin ta yi. Da ta wuce, gonar ta kwanta kamar an bi ta da sanda, gilasan gidan na yamma duk sun fashe. Abin da ya tsira a bana shi ne motar nan guda da na tura cikin rumfa.

Rudi ya ce a ajiye ta iri, don babu wani. Ka ce ba taka ba ce, ba za a ci ba, ba za a shuka ba, a kai wa masu tara hatsi don ƙasashen da ake yunwa. Suka yi ta ja, ɗa da uba, sati huɗu. Motar tana rumfa a rufe da tampol, kowa yana kewaye ta. Kai kuma kana ramewa. Na zo neman gafara, ka ce ka yafe tun a gona, sai dai in daina taɓa kalandar tsofaffi. Wannan ce dariyarmu ta ƙarshe, kuma ba ta yi tsawo ba.

Ranar Litinin bayan jana'iza, Rudi ya same ni a rumfa, idanunsa jajur. Ya miƙo mini makullin motar, ya ce in kai ta inda ka ce, kafin ya sake tunani. Na kai. Rumbunan Epp yanzu babu ko ƙwaya, sanyi yana shigowa, kuma babu wanda ya san abin da za a zuba a ƙasar nan in ƙanƙarar hunturu ta narke.

Tsoho, malaminmu bai koya mini abin da ake faɗa a bakin kabarin irinka ba. Na bar ka ga Wanda ka ƙi saɓa wa, Shi ne Ya san ka fiye da ni, ina roƙonSa Ya yi maka rahama. Inna Justina, Rudi, da 'ya'yan Marta, Allah Ya ba ku haƙuri da juriya, Ya tsare gidan nan daga abin da ke tafe, Ya ba ku abin shukawa. Ni kuma Ya yafe mini. Amin.