Takardar Injin Kawu

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, ni ne mai buga tafireta a ofishin gona na Birnin Kudu. Aka kawo injinan ban ruwa don manoman fadama, aka ce in buga takardar bayanin yadda ake tayar da su, da Hausa.

Dabarata guda ce. Duk kalmar da ke rubuce a jikin injin, in bar ta yadda take, da manyan baƙaƙe, in ja mata layi. Na san mutanenmu. Wanda ya yi ajin yaƙi da jahilci yakan ɗora yatsa a kan kalmar a takarda, ya je ya nemo mai kama da ita a jikin ƙarfe. Ba sai ya ji Turanci ba.

Babban akawu ya leƙo ya ce, "Wa ya ce ka bar Turanci a takardar Hausa? Fassara!" Na fassara shafin farko. Washegari malamin gona ya ce a bar na biyu yadda yake. Shi kuwa shugaban ofis, da ya zo kan na uku, cewa ya yi layin yana ɓata masa ido. Na ce, "Ranka ya daɗe, ko dai a tsaya a kan guda?" Ya ce aikina bugu ne, ba shawara ba. Haka aka gurza takardun a injin kwafi aka raba wa manoma, maɓalli ɗaya da kama uku. Raina ya ɓaci, amma wa zan kai wa ƙara?

Kawuna na Maruta yana cikin waɗanda suka samu inji. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, kuma a shekarar albasa ya zuba a fadamarsa kaf. Da na samu zuwa ganinsa, na tarar da ganyen ya kwanta, ya yi ruwan ɗorawa. Injin yana ƙarƙashin tsamiya, an lulluɓe shi da tabarma, ko mai ba a taɓa ba.

"Kawu, me ya hana ka tayar da shi?"

Ya ciro takardar daga aljihu, duk ta yi laushi. "Nan an ce a murɗa MAKUNNI. Na duba gaba, na duba baya, har kifa shi muka yi. Babu MAKUNNI a jikinsa."

Fassarata ce ta shafin farko. Na ce ai akwai bakanike a Gwaram.

"Ya zo ran kasuwa. Ya ce takardar ce ba daidai ba, ya kai hannu zai murɗa wani abu." Kawu ya ninke ta a hankali. "Na hana shi. Na ce masa ɗana ne ya buga ta da hannunsa, injin ne dai aka kawo min ba cikakke ba."