Turancin Yaya Kande

Yayata Kande ba ta taɓa zama a aji ba, ko na yini ɗaya. Shara take yi a ƙaramin asibitin ƙauyenmu, can bayan Ɗanzomo. Shekara goma sha tara tana abu ɗaya: ta share, ta goge, ta ɗora ruwan zafi idan mai naƙuda ta zo. Amma tana da Turanci. Kada ku yi dariya, mu ma mun yi tamu mun gaji.

A wajen Sista Rhoda ta samo shi, wata nas 'yar Filato da aka turo mana. Rhoda tana jin Hausa sarai, sai dai likitocin da take kira a Gumel sau da yawa 'yan bautar ƙasa ne daga Kudu, ko gaisuwa ba su iya ba. Kande tana goge daɓe tana kasa kunne. Ta lura a Turancinsu ba a cewa ciwo ya yi tsanani a yi shiru, sai an faɗi kamar me. Zazzaɓi "hot like fire" ne, kumburi "big like orange". Ta kama "like" ɗin nan ta riƙe gam, duk abin da ta san sunansa sai ta rataya masa. Ta taɓa ce wa tuwona "hard like stone", kwana biyu ban yi mata magana ba.

Wata Alhamis da hantsi 'yarta Jannatu ta haihu a ɗakinta, haihuwa ta uku, namiji, lafiya lau. Rhoda ta tafi gida hutu. Ranar kasuwar Maigatari ce kuma, duk mai mota a ƙauyen ya kwashi dabbobi ya wuce tun asuba. Ana idar da azahar jini ya ɓalle wa Jannatu.

Na ga jinin haihuwa a rayuwata, amma wallahi ban taɓa ganin irin wannan ba. Muka sa zani, ya jiƙe. Muka sa na biyu, ya jiƙe. Jannatu ta ce min, "Inna, ɗakin ya yi duhu," alhali rana tana tsaka. Tsoro ya kama ni har na kasa kawo addu'a ko ɗaya a bakina.

Mijinta Abdulganiyu, shi ne ya gama sakandare, ya kira likita a Gumel daga bakin ƙofa. Motar asibiti ɗaya gare su ranar, ga wani kiran daga Gagarawa, dole likita ya zaɓi inda za ta nufa. Ya tambaye shi yaya jikin nata.

"She is better, sir," in ji Abdulganiyu. "Small blood."

Wai da sauƙi! Ba mugunta ba ce, haka muke. Mutum yana bakin mutuwa a tambaye ka ya jiki, ka ce da sauƙi. Ga kuma surukarsa tsaye, da wane baki zai yi zancen jinin matarsa a gabanta? Ya rufe wayar da tafin hannu ya ce, kansa a ƙasa, "Iya, wai motar za ta fara zuwa Gagarawa, mu ba ta ruwa tukuna."

Kande ta fizge wayar daga hannun surukinta, matar da ko idonsa ba ta yarda ta kalla ba tun ranar ɗaurin aure.

"Doctor!" ta ce. "Blood like tap. Eye white like paper. Hand cold like ice block."

Jini kamar famfo, ido fari kamar takarda, hannu kamar ƙanƙara. Iyakar abin da take da shi ke nan. Likita ya jero mata tambayoyi, ba ta gane ko ɗaya ba. Sai ihu take, "Like tap! Like tap!" Can ya nemi a mayar wa mijin wayar. Abdulganiyu ya saurara, fuskarsa ta canza, ya ce motar tana zuwa. A ɗaga ƙafafunta, a sa jaririn a nono, a riƙa murza mata mara da ƙarfi kada a daina.

Kusan awa guda Kande tana durƙushe tana murzawa kafin motar ta iso. Ni ina riƙe da jaririn a ƙirjin uwarsa, ina kallon leɓenta, ina tsoron in ɗauke ido. Sau biyu na kira sunanta ba ta amsa ba.

A Gumel suka shige da ita suka rufe ƙofa. Sai bayan la'asar likitan ya fito, yaro ne ƙarami da gilashi. Ya tambayi ina nas ɗin da ta yi masa magana a waya. Aka nuna masa Kande zaune a ƙasa, jini ya bushe mata har gwiwar hannu. Ya durƙusa ya yi mata bayani mai tsawo da Turanci. Ita kallon bakinsa kawai take, ba ta san ko rai yake faɗa mata ko mutuwa ba.

Ta katse shi. "Hand like what?"

Ya kama hannunta ya kai ta ciki har bakin gadon, ya ɗora shi a kan na Jannatu. Kande ta riƙe, ta daɗe a haka. Sannan ta juyo ta dube ni.

"Safiya, zo ki taɓa," ta ce. "Da ɗumi."